Yadda ake yawon kallon halittun teku a Ras Muhammad ta ƙasar Masar

Mutanenmu da yawa suna zuwa Masar don karatu ko jinya ko kasuwanci, su ƙare zamansu tsakanin Alƙahira da Iskandariya, su dawo gida ba tare da sun san cewa a can kudancin yankin Sinai akwai wani ɗan zirin ƙasa da ya kutsa cikin Bahar Maliya, wanda masu nutso daga ko'ina a duniya suke tara kuɗi na shekaru don su je su gani ba. Sunan wurin Ras Muhammad. A 1983 gwamnatin Masar ta keɓe shi, kuma shi ne gandu na farko da ƙasar ta kare da doka. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 480, mafi yawansa ruwa ne. A nan ne mashigin Suez, wanda ba shi da zurfi sosai, yake haɗuwa da mashigin Aƙaba, wanda zurfinsa ya wuce mita 1,800 a wasu wurare, kuma gaurayuwar ruwan biyu ita take kawo abincin da ya tara nau'in murjani fiye da 200 da nau'in kifi kusan dubu a wuri ɗaya. Wannan bayani na mutumin da ya tashi nesa da teku ne, wanda iyakar saninsa da ruwa kogi ne ko dam ko kududdufin damina, domin irinsa ma yana iya ganin duk wannan da idonsa idan ya bi abin daki-daki bai yi gaggawa ba.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci, domin abin da za ka gani ya danganta da watan da ka je. Daga Yuni zuwa Agusta ruwan yana da ɗumi, yakan kai digiri 28, kuma a lokacin ne kifaye suke taruwa garke-garke a bakin manyan duwatsun murjani don hayayyafa, sai dai zafin tudu yakan kai digiri 40, irin zafin da muka sani a watan Afrilu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar tudu tana da daɗi, amma ruwan yakan sauka zuwa digiri 21 ko 22, kuma wanda bai saba ba zai fara karkarwa kafin ya yi rabin awa a ciki. A ganina Satumba da Oktoba sun fi dacewa da baƙo na farko: ruwan bai huce ba, zafin tudu ya ragu, kuma lokacin ne fararen shamuwa na Turai suke ratsa wurin dubbai a hanyarsu ta zuwa Afirka.

Sai takardu. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar yana buƙatar cikakkiyar biza daga ofishin jakadancin Masar kafin ya tashi, tare da katin allurar shawara. Akwai wani hatimi na shiga Sinai kaɗai da ake buga wa 'yan wasu ƙasashe a filin jirgin Sharm el-Sheikh, garin da ya fi kusa da gandun, amma wannan bai haɗa da Ras Muhammad ba, saboda haka kada wani ya ruɗe ka da shi. Daga Alƙahira zuwa Sharm el-Sheikh tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama, a mota kuwa kusan kilomita 500 ne, ana bi ta ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin hanyar jiragen ruwa da aka haƙa ta Suez, kuma akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. Fasfo ɗinka ya kasance a jikinka kullum, har ranar shiga gandun, domin ana dubawa a ƙofa da kuma tashar jiragen ruwa. Kada ka ɗauki jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, dokar Masar ta hana shiga da shi ba tare da izini ba, kuma ƙwacewa ake yi.

Mataki na uku, wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne sabawa da ruwa tun kafin ranar. Wanda ya iya iyo a kogi ya riga ya samu rabin abin, amma iyon kallo daban yake da iyon tsallake rafi, domin a nan ba ƙarfi ake nema ba, kwanciya ake nema. Kayan aikin uku ne: tabarau na ruwa da yake rufe ido da hanci, da bututun numfashi da ake cizawa a baki ɗaya bakin yana sama da ruwa, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Wajen gwada tabarau, ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyarsa ba, ka ja iska kaɗan ta hanci. Idan ya manne bai faɗi ba ya yi maka daidai, idan ya faɗi ka nemi wani. Mai gashin baki zai ga ruwa yana ɗan shigowa ta ƙarƙashin hanci, maganinsa shi ne a rage gashin da ke daf da hancin ko a shafa masa ɗan man basilin. Gilashin yakan yi hazo daga ciki, kuma maganin da masu sana'ar suke yi shi ne a shafa yawu a ciki tun yana bushe, a ɗauraye sau ɗaya, a sa.

Ka ware yini guda kafin ranar gandun, ka shiga tafkin iyo na masauki ko ruwa mai iya ƙugu a bakin teku, ka kwanta rubda ciki, fuska a ruwa, ka yi numfashi ta baki a hankali har sai zuciyarka ta daina bugawa da sauri. Minti biyar na farko su ne masu wuya, domin jiki bai yarda cewa ana iya shan iska fuska tana cikin ruwa ba. Bayan haka ka koyi fitar da ruwan da ya shiga bututu ta hanyar hura iska da ƙarfi sau ɗaya, ka kuma koyi juyawa rigingine ka huta idan ka gaji. Akwai abin da zai taimake ka: gishirin Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna yawa, kusan giram 40 a kowace lita, saboda haka jiki yana tasowa sama da sauƙi fiye da yadda yake yi a ruwan daɗi. Duk da haka wanda bai ƙware ba ya sa rigar ceto, kuma babu abin kunya a ciki. Na fi jin tsoron saurayin da ya ce ya iya ruwa tun yana yaro fiye da dattijon da ya ce a ba shi riga, domin shi na farkon ne yake nisa da jirgi.

Daga nan sai ka yanke shawarar hanyar shiga, ta tudu ko ta ruwa. Ta tudu tafiyar kusan rabin awa ce a mota daga Sharm el-Sheikh, ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, kuma ana fita kafin faɗuwar rana, sai dai wanda ya karɓi izinin kwana a tanti a wurin da aka keɓe a gaɓar Marsa Bareika. Ta nan ne ake ganin tsuntsaye da itatuwan bakin teku, ana kuma shiga ruwa daga gaɓa a hankali, abin da ya fi sauƙi ga iyali masu yara. Ta ruwa kuwa jirage suna tashi da safe daga tashar da ke kudancin garin, su yini a teku, su tsaya wuri biyu ko uku, a ci abincin rana a cikin jirgi, a dawo da la'asar. Duwatsun murjani mafi kyau ta jirgi ake kai musu. Wanda yake da kwana biyu ya fara da tudu, kashegari ya bi jirgi. Kafin ka biya kowa kuɗi, ka tambaya ko yana da lasisin hukumar CDWS, wadda take kula da harkar nutso da wasannin ruwa a Masar, ka tambayi mutum nawa jagora ɗaya yake riƙewa a cikin ruwa, da kuma ko akwai tukunyar iskar oksijin ta agajin gaggawa a jirgin. Mai arha fiye da kima a wajen kayan tsaro yake rage kuɗin.

Batun sutura ba matsala ba ne, domin abin da ya fi dacewa da teku shi ne abin da ya rufe jiki. Namiji ya sa riga mai dogon hannu ta iyo da wando da ya wuce gwiwa, mace kuma akwai rigar iyo da take rufe jiki duka har kai, ana sayar da ita a kasuwannin Masar, kuma za ta ga matan ƙasar da yawa da ita. Abin da bai kamata ba shi ne shiga da doguwar riga ko mayafi mai yalwa, domin yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. Kada baƙin fata ya yaudare ka, wanda ya kwanta a kan ruwa awa ɗaya bayansa yana kallon rana zai ji a ƙeyarsa da bayan ƙafafunsa da dare. Ka riƙe ruwan sha mai yawa, da hula mai faɗi, da madubin hangen nesa idan kana da shi. Mai saurin jiri a mota ya sha maganin tashin zuciya kafin jirgi ya tashi, ya zauna a tsakiyar jirgi yana kallon nesa, kuma tauna ɗanyar citta tana taimaka wa wasu. Ruwan teku yana alwala, alƙibla kuma daga can tana kudu maso gabas, ma'aikatan jirgin za su nuna maka inda suke salla.

Yanzu ga shiga ruwan. Kafin kowa ya sauka, jagora zai yi bayanin wurin, ya faɗi inda igiyar ruwa take ja da inda jirgi zai ɗauke ku. Ka saurara da kyau, idan ba ka gane Larabcinsa ko Turancinsa ba ka sa a maimaita maka. Ka zaɓi abokin iyo wanda ba za ku rabu ba, ka sauka ta tsani ba tsalle ba, ka nisanci bayan jirgi inda farfela take. Da ka sa fuska a ruwa za ka ga abin da ya sa aka zo: bango na murjani kala-kala, da ƙananan kifaye ruwan lemo dubbai suna lilo a gefensa, da kifin aku mai baki kamar na tsuntsu yana gurgurar dutse har kana jin ƙarar haƙoransa. A wasu wuraren bangon yana yankewa ne kwatsam, ƙasa ta ɓace, sai shuɗi mai duhu kawai a ƙarƙashinka, domin a gefen dutsen da ake kira Shark Reef zurfin ya kai ɗaruruwan mita. Wannan yakan tsinka zuciyar baƙo, amma ka tuna cewa ruwa mai zurfi da marar zurfi ɗaya suke ɗaukar jiki. Ka ci gaba da numfashi a hankali, ka riƙe bangon a gefenka ɗaya, ka motsa ƙafa daga cinya ba tare da fantsama ruwa ba, hannuwa a naɗe a ƙirji. Idan igiyar ruwa ta fi ƙarfinka kada ka yi kokawa da ita, ka juya rigingine, ka ɗaga hannu ɗaya kana kaɗawa, jirgi zai zo.

A nan zan ɗan tsaya a kan murjani, domin a kansa komai ya dogara. Mu mun san kalmar ne daga abin wuyan iyayenmu mata, kuma wancan jan murjanin ɗan uwan wannan ne na nesa. Abin da yake kama da dutse ko reshen itace a ƙarƙashin ruwan halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi ne miliyoyi da suke gina wa kansu gida na farar ƙasa, kuma a cikin naman jikinsu akwai wasu 'yan tsirrai da ido ba ya gani waɗanda suke samar musu abinci daga hasken rana. Manyan dunƙulallun nau'in ba sa ƙaruwa fiye da kusan santimita ɗaya a shekara. Ke nan wanda ya gaji ya miƙe tsaye a kan dunƙule ɗaya don ya gyara tabarau yana iya karya abin da ya girmi kakansa. Dokar gandun ta hana taka murjani, da ɗaukar ko da ɓawon katantanwa ko ɓallin murjanin da ya mutu, da kamun kifi, da zubar da shara, da ciyar da kifi. Wannan na ƙarshen mutane suna ɗaukarsa wasa, suna ɓoye burodi a aljihu don kifi ya taru a yi hoto, alhali yana lalata cikin kifin, yana kuma koya wa dabbobin teku su riƙa bin mutum don abinci, wanda ba ƙaramin haɗari ba ne idan dabbar babba ce.

Rashin taɓawa kariya ce gare ka kai ma. Akwai murjanin wuta, ruwan ɗorawa mai fararen baki, wanda yake ƙuna kamar ƙaiƙayi mai zafi. Idan ya shafe ka, ka wanke da ruwan teku ba ruwan daɗi ba, a zuba ruwan tsami na binega. Akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe a cikin ramuka. Akwai kifin zaki mai kyan gani da dafi a ƙayoyin bayansa, sannan mafi muni kifin dutse, wanda yake kwanciya a ƙasa ba ka bambanta shi da dutse, shi ya sa ba a tafiya ba takalmi a ruwa marar zurfi. Idan ɗayan waɗannan biyu ya soki mutum, a sa wurin a ruwa mai zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa, a garzaya asibiti. Katantanwa mai siffar mazurari ita ma tana harbi, kada a ɗauka. Game da kifin shak, yawancin masu zuwa ba sa ganinsa ko kaɗan, waɗanda ake gani a bakin murjani kuma gudun mutum suke yi, amma an taɓa samun hari a yankin, a Disambar 2010 da kuma Oktobar 2020, saboda haka idan hukuma ta rufe wani wuri ko jagora ya ce a fito, a fito ba gardama.

Kallon manyan dabbobi yana da nasa ladabi. Kunkurun teku, wanda ake yawan gani yana gutsurar abinci a jikin murjani, iska yake shaƙa kamar mu, dole ne ya riƙa tasowa lokaci-lokaci, don haka kada ka tsaya daidai samansa ka tare masa hanya. Ka tsaya a gefe, tazarar mita uku ko fiye, ka daina motsi, sau da yawa shi da kansa zai zo ya wuce ta gabanka. Dabbar dolfin takan bi jirgi tana tsalle a gabansa, musamman a hanyar zuwa da dawowa. A kalle ta daga cikin jirgi, kada a roƙi matuƙi ya kore ta ko ya ratsa tsakiyar garken, domin da rana hutawa suke yi kuma akwai masu shayarwa a cikinsu. Ka sani kuma gilashin tabarau yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙarƙashin ruwa, yana kuma kawo shi kusa, saboda haka kifin da ka ga kamar zai taɓa ka yana da ɗan nisa.

Wanda ya ji daɗin kallo daga sama yakan so ya sauka ƙasa da tukunyar iska a baya. Ana iya yin nutson gwaji na yini ɗaya tare da malami yana riƙe da kai, ba a wuce mita 12, ana kuma iya yin kwas na kwana uku zuwa huɗu a karɓi shaidar PADI ko SSI, ƙungiyoyin horar da masu nutso, wadda take ba da damar sauka zuwa mita 18. Kafin komai za a ba ka takardar tambayoyin lafiya, kuma ina roƙon mai karatu ya cika ta da gaskiya. Mai cutar sikila, wadda take da yawa a cikinmu, kada ya yi wannan nutso, haka mai juna biyu da mai farfaɗiya, sannan mai asma da mai ciwon zuciya ko hawan jini sai da izinin likita. Mai mura ma ya dakata, domin toshewar hanci tana hana kunne daidaita. Kowace mita goma ta zurfi tana ƙara wa jiki matsin da ya kai wanda iska take yi mana a tudu, shi ya sa ake toshe hanci da yatsu a hura a hankali tun daga mita ta farko, kuma idan kunne ya yi zafi a ɗan tashi sama a sake gwadawa. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kada a riƙe numfashi, domin iskar da ke huhu tana kumbura yayin da ake tasowa. Ana tasowa a hankali, a tsaya minti uku a zurfin mita biyar kafin a fito. A lura da alamun hannu: haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe shi ne "lafiya lau", ɗaga babban yatsa sama kuwa yana nufin "mu fita", ba yabo ba ne.

Shahararren wurin nutso na gandun, wato Shark Reef da Yolanda, na ƙwararru ne saboda ƙarfin igiyar ruwa. Yolanda sunan wani jirgin dakon kaya ne da ya daki dutsen a 1980. Gangar jikinsa ta zame cikin zurfi bayan wasu shekaru, amma kayan da ya ɗauko, bahon wanka da tukwanen bayan gida, suna nan zube a ƙasa murjani ya fara rufe su. Sabon shiga ya haƙura da wurare masu laushi irin su Ras Ghozlani da cikin Marsa Bareika, ba a rasa abin kallo a can.

Ranar tudu kuma ka fita da sassafe. Ka fara da mashigar itatuwan mangwaro na teku, waɗanda ba su da alaƙa da mangwaron da muke sha: itatuwa ne da suke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu suna fitowa sama kamar fegi don shan iska, kuma idan ka duba ganyen za ka ga gishirin da suka fitar ya bushe a kansa. A ƙarƙashinsu ƙananan ƙaguwa suke kai da komo, 'ya'yan kifi kuma a nan suke girma, zalɓe yana tsaye yana dakonsu. Ba a shiga cikin wannan ruwan, daga gefe ake kallo. Kusa da nan akwai tsagewar da girgizar ƙasa ta yi, rami mai tsawo cike da ruwa, a riƙe hannun yara. Daga nan ka hau dutsen da ake kira Shark Observatory, wanda shi kansa tsohon murjani ne da ƙasa ta ɗaga sama, za ka ga zanen halittun a jikinsa, kuma daga ƙoƙuwarsa ana hangen inda mashigin biyu suka haɗu. Wani shaho mai kamun kifi yana sheƙa a wannan yanki duk shekara. Idan lokacin shamuwa ne, za ka tarar da su a tsaye a bakin ruwa da sassafe ko da yamma, fuka-fuki a sake. Sun fi shamuwar da take zo mana da damina girma, fari ne jikinsu, baki da ƙafa ja, kuma sun iso ne a galabaice bayan ratsa hamada. Ka tsaya a cikin mota ko nesa da su ka yi amfani da madubi, domin duk tashin da aka sa su yi ba dalili yana cinye ƙarfin da za su tsallake mashigin Suez da shi.

Abu na ƙarshe a tsarin tafiyar shi ne ranar komawa. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ba ya hawa jirgin sama sai ya yi aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, ko awa 18 bayan nutso da yawa, kuma masu sana'ar da dama sun fi son a cika awa 24, domin iskar naitirojin da jiki ya sha a ƙasa tana buƙatar lokaci ta fita. Haka hawan dutsen Ɗuri Sina, wanda baƙi da yawa suke haɗawa da wannan tafiya kuma tsayinsa ya wuce mita 2,200, a yi shi kafin nutso ko bayan wannan hutun. Idan bayan fitowa mutum ya ji ciwon gaɓɓai, ko jiri, ko mutuwar wani sashe na jiki, ko gajiyar da ta wuce misali, a ba shi oksijin nan take a kai shi cibiyar jinyar masu nutso da ke cikin Sharm el-Sheikh, kada a ce a bari ya kwana a gani. Wanda iyakarsa kallo daga saman ruwa da bututu, wannan ƙa'idar ba ta hau kansa ba, yana iya ɗauraye kayansa da ruwan daɗi, ya shanya su a inuwa, ya kama jirgin yamma zuwa Alƙahira.